Kwamfutar Da Na Naɗe A Leda

Ko zan manta da komai na zamana a Abijan, ban da ranar Asabar ɗin da na tsaya a tsakiyar kasuwar Adjamé rungume da kwamfuta, ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige. Lokacin zafi ne, irin zafin garin nan da mutum zai fito daga wanka yana gumi.

A lokacin ina zaune a Treichville wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai shigo da ganyen shayi ta tashar jirgin ruwa. Aikina bin kwantena, in wuni a rana ina kai takarda daga wannan taga zuwa waccan. Wallahi na tsani aikin nan. Shi ya sa na je na yi kwas ɗin zane a kwamfuta na wata shida, na dawo ina ganin kaina wani abu. Na addabi Kawu da cewa me zai sa ya riƙa ba bare zanen kwalin shayinsa alhali ga ni a gida. Da na ishe shi sai ya ce: "To. Alhaji Mamman zai zo daga Maraɗi ƙarshen wata, da shi muke sabon shayin nan. Ka zana kwalin ka nuna masa. In ya ce ya yi, na ba ka ɗakin bayan shago, ka bar zuwa tasha. In bai yi ba, ranar Litinin ka koma wurin kwantenarka, kuma kada in sake jin kalmar zane a gidan nan."

Kwamfutar zane haɗa ta ake yi, kaya ɗaya bayan ɗaya. Sai aka kwatanta min Madam Fanta a Adjamé, wata 'yar ƙabilar Jula mai rumfar kayan kwamfuta, wadda ta daɗe da Hausawa har ta iya Hausar kasuwa. Ina isa na nuna wani akwati mai gilashi a gefe da shuɗiyar fitila a ciki, na ce shi nake so. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ƙanena, fitila ba ta zane. Wane aiki za ka yi?"

Na gaya mata. Ta zaunar da ni a benci ta fara karanta min. Wai mai zane ram yake buƙata da yawa, don nan ne injin yake shimfiɗa aikinsa kamar tela a kan tebur. Wai katin hoto matsakaici ya ishe ni tunda ba wasan mota zan yi ba. Allo kuwa ta sa na zaɓi wanda korensa kore ne, kada in zana shayi ya fito kalar kuka. Ta ɗora min akwatin wuta guda biyu a hannu ta ce in auna kamar mai sayen doya, mai nauyin shi ne na kirki. Duk na yarda, amma akwatin gilashin nan sai da na saye shi. (Mutum ya wuni a bakin kwantena shekara uku, ai ya cancanci shuɗiyar fitila.)

Daga ƙarshe ta ɗauko abin sanyaya injin, wani curin jan ƙarfe mai fanka a kai, wanda ake ɗorawa a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar ya riƙa zuƙe zafi. Ta haɗa min da ɗan bututun man shafawa ruwan toka. Ta ce, "Zafin Abijan ba wasa ba ne. Ka bari in haɗa maka, minti talatin."

Ni kuwa sai girman kai ya motsa. Na ce, "Madam, ai ni ɗan hannu ne." Ban taɓa buɗe cikin kwamfuta ba a rayuwata, kwas ɗina na zane ne zalla. Ta ce to, Allah ya taimaka.

A nan sai na yi muku bayanin gidanmu. Mu ba ma cire wa sabon abu leda. Rimot ɗin talabijin a leda yake, kujerun falo a leda, har agogon bango. A wurinmu leda ita ce shaidar mutum ya san darajar kayansa. Ga Treichville bakin ruwa ce, iskar gishiri na cin ƙarfe kamar gara. Don haka da na juya curin jan ƙarfen nan na ga gindinsa na sheƙi, an manna masa 'yar siririyar leda mai jan rubutu, sai na ce madalla, masu kamfani ma sun san tsatsa. Ban karanta rubutun ba. Na ɗora shi da ledarsa na ɗaure. Man nan kuwa na ɗauka gam ne, na ce tunda abu ya zauna daram me zan yi da gam? Na jefa shi a aljihun jaka.

Abin mamaki, kwamfutar ta tashi. Na yi sati biyu ina zane da sanyin safiya, gefen akwatin a buɗe, fankar ɗaki na busa mata. Takan mutu jefi-jefi, ni kuma in zagi kuran, wato wutar lantarki, in sake kunnawa. Zanen dai ya fito: koren kwali, butar shayi da ƙananan kofuna uku masu kumfa. Ranar jajibirin zuwan Alhaji Mamman na rufe akwatin, na samo leda mai kauri na naɗe shi tsaf na bi da salatif, na bar ƙofar waya da ta maɓalli kawai. Na ja da baya na kalle ta, na ce Alhaji Mamman zai san da ɗan gidan mutunci yake hulɗa.

Asabar da azahar muka zauna a shagon Kawu. Alhaji Mamman dattijo ne mai sanyin magana, ya sa tabarau ya matso da kujera. Na kunna, fitila ta haska, har ya ce "Masha Allahu." Na buɗe zanen, rabin buta ya fito, sai ɗif. Na ce kuran ne. Kawu ya ɗaga kai ya kalli fankar sama tana ta juyawa abinta. Na sake kunnawa, ta yi ƙara kamar injin markaɗe, ta sake mutuwa. Karo na uku ko allon bai gama haskawa ba. Ledar ta yi laushi, ɗakin ya ɗauki warin roba.

Na hango kwantena tana jirana ranar Litinin, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, matar nan ce ta cuce ni. Jabun kaya ta sayar min."

Na ɗauka za a ce Allah ya isa a ba ni wata rana. Ban san Kawu ba. Ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Ba a cutar ɗana a garin nan. Ɗauko ta." Haka muka ƙetara gada a motarsa, Alhaji Mamman a gaba, ni a baya da kwamfuta a cinya tana ƙona ni, ina ta fatan go-sulo ya riƙe mu har magariba. Ranar kuwa hanya fes.

A bakin rumfa Kawu ya yi sallama ya ce in maimaita abin da na faɗa. Na maimaita, kuma don kada in ji kunya sai na ɗaga murya. Nan da nan maƙwabta suka taru. A kasuwa a ce kayanka jabu ne, ai an taɓa abincinka. Madam Fanta ba ta yi fushi ba, ta dai kalli ledar ta ce, "Wa ya sa mata rigar ruwa?"

Aka fara dariya. Ta sa almakashi ta farke, ta nuna wa Kawu ramukan iska da na toshe gaba da baya. Ta kwance curin jan ƙarfen, ta juya shi, ta tsaya cak. Sannan ta sa farce ta ɓare 'yar ledar nan a hankali, ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta karanta jan rubutun da Faransanci, ta kuma fassara don kada wani ya rasa rabonsa: "A cire kafin a yi amfani." Ta ce, "Man da na ba ka fa?" Na zaro shi daga jaka, ko hancinsa ba a fasa ba. Wani mai sayar da waya ya dafa kafaɗata yana share hawaye ya ce, "Yako, mon frère," irin jajen da ake wa wanda aka yi wa rasuwa.

Kawu ya ce, "Kai, ni ma kujerun motata da ledarsu, amma ka taɓa ganin na naɗe injin?" Kasuwa ta sake ɗauka. Sai kuma ya juya ga Madam Fanta, ya cire fara'a, ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, mun zo mun ɓata miki suna a bakin rumfarki. Ɗana ne, laifina ne. Ki yafe mana." Ban taɓa ganin Kawu ya sunkuya wa wani a kasuwa ba sai ranar, kuma saboda ni. Dariyar mutane ba ta yi min ciwo kamar wannan ba. Na ba ta haƙuri da muryar da ko ni da ƙyar na ji, Kawu ya ce in ƙara, da irin muryar ɗazu.

Ta dubi Kawu ta ce, "Ladji, ya wuce," wato Alhaji da bakin mutanen garin. Ta shafa man kamar ƙwayar shinkafa, ta mayar da ƙarfen, ta juya wata fanka da na ɗaura a baibai (wannan ta rufa min asiri, ba ta sanar ba), ta jona allonta. Kwali ya fito cikakke, injin shiru kamar ba a kunna ba. Alhaji Mamman ya daɗe yana kallo a tsaye cikin jama'a, sannan ya ce, "Kumfar nan ta yi. A ƙara wa butar girma kaɗan."

A hanyar komawa, muna kan gada, Kawu ya sa hannu a aljihu. Ya miƙo min makullin ɗakin bayan shago ta bayan kujera, ko juyowa bai yi ba. Na karɓa, na kuwa san abin da ya biya a kai.

Tun daga ranar, in abu ya lalace a hannuna ba na saurin neman wanda ya cuce ni. Nakan rufe ƙofa in duba ni kaɗai tukuna, kuma yawanci nakan tarar da mai laifin yana cikin ɗakin.