Ranar da Tantan Ta Gudu da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da kakar gyaɗar da tantan ta tafi ta bar ni a tsaye ba. Lokacin ina sabon direban tarakta, wato tantan, a Gaya, bayan yaƙin basasa, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta.

Aka tura ni Toranke in kwaso buhunan gyaɗa. Garin su Hajara ne, yarinyar da nake nema, don haka na sa sabon wando mai mazagi. An gama lodi, mahaifinta Malam Garba ya ce zai bi ni Gaya. Da rawar jiki na taimaka masa ya hau can saman buhuna a bodin da tantan ke ja.

Na murɗa makulli, shiru. Batir ya sauka.

"Lafiya dai, ɗana?"

"Lafiya lau, Baba. Caji kawai take so, yanzun nan."

Na roƙi wani direban babbar mota ya matso, na haɗa waya daga batirinsa zuwa nawa, muka bari ya ɗan sha wuta. Mutane suka taru suna kallo (ni kuwa har da bayanin yadda wuta ke bin waya, abin da ban taɓa fahimta ba). Maimakon in hau kujera, sai na miƙa hannu daga ƙasa na murɗa makulli don burgewa. Ashe a giya na bar ta.

Ta yi gurnani, ta fizge waya, ta kama hanya. Ba kowa a sitiyari. Gabanta kuma rijiyar gari, mata cike suna jan ruwa.

"Ku kauce! Ku kauce!"

Tuluna suka fashe, wata ta suri ɗanta ta yi gefe. Malam Garba ya rungume buhu yana salati da ƙarfi. Na bi ta a guje, ina hango tayar bodin na dab da take ni in na yi tuntuɓe. Na kamo ƙarfen baya, na yi tsalle, sai ji na yi mazagi ya ce ɓat. Wando ya sauka har idon sawu. Na shure shi, na haye, na danne birki da ƙafa biyu, na kashe inji. Hancinta na taɓa bakin rijiya.

Ga ni a kan kujera daga ni sai 'yar shara da gajeren wando mai faci, ga Hajara riƙe da guga tana kallon ƙasa.

Malam Garba ya sauko a hankali, ya je ya tsinto wandona ya kakkaɓe, ya miƙo mini.

"Ungo, ɗana. Gayan dai a ƙafa zan je."

Ya ba ni Hajara daga baya, amma har ya rasu bai sake hawa abin da nake tuƙawa ba. Tun ranar na koyi cewa kafin ka ba inji wuta, ka fara zama a kujerarsa, kuma ka tabbata mazaginka mai ƙwari ne.