Soso Uku a Salansar Wilfred

Jama'a, ni da na shekara talatin da ɗaya ina hana yara gudu a barandar makaranta, ranar Asabar sai ga ni ɗaure a kujerar mota, hular kwano a kaina, ana tsala gudu da ni. Kafin nan ma sai da na durƙusa cikin yayyafi ina cusa soson wanke tukunya a bututun salansa. Bari in bi da ku daki-daki, yadda na saba a aji.

Maƙwabcina Wilfred Ackroyd shekararsa saba'in da shida. Yana da wata 'yar koriyar mota mai kujera biyu, ƙirar 1967, kuma shekara uku ya yi kwance a ƙarƙashinta yana shirya ta don ranar fili, ranar da ake buɗe wa talaka filin tsere ya zaga iya ƙarfin motarsa, ba gasa, ba ɗan sanda. Ya canja birki, ya sa tayoyi masu kama ƙasa, ya ƙara girman lagireto, ya kafa ƙarfen kariya a bayan kujeru. Matarsa Glenda ta ce ta fi sanin tafin takalminsa a kan fuskarsa.

A watan jiya likita ya gaya masa gefen ganinsa yana rufewa, ƙarshen Oktoba zai miƙa lasisinsa. Asabar ɗin nan ita ce ranar fili ta ƙarshe a bana. A wurin Wilfred kuwa, babu wata bayanta.

"Hedimasta," ya ce mini ta kan shinge, "gaba ina gani tar, gefe ne matsalar. Ka zauna kusa da ni ka riƙa duba madubi da tutoci. Ai hango laifin mutane sana'arka ce."

Filinmu na Skelby tun zamanin kakanni motoci ke ruri a cikinsa. Sai manyanmu masu hangen nesa suka ba da izinin gina gidaje ɗari huɗu a jikin shingensa, aka raɗa wa unguwar suna Dausayin Natsuwa. Mutane suka tare, suka gano cikin mamaki cewa filin tsere yana da ƙara. Aka kafa kwamiti. Kwamiti, Allah ya saka masa, ya sadaukar da kwana biyar a bakin teku a Italiya yana sauraron yadda tasu ƙarar take. Ya dawo ya yi alkawari a gaban jama'a cewa iyakar ƙarar mota tana nan a maki ɗari da biyar har baɗi. Wilfred ya ɗaura wa motarsa salansa daidai da haka. Ranar Alhamis aka mayar da ita casa'in da takwas, aka liƙa sanarwar a cikin ɗakin karatu na gari, wanda aka kulle tun bara don tsimi.

Mu ba mu sani ba sai a bakin ƙofa, inda Mai Girma Garkuwan Kunnuwan Jama'a yake tsaye cikin rigarsa ruwan ɗorawa, da na'urar awon ƙara a hannu. Ya kara ta a bakin salansa.

"Taka totur."

Wilfred ya taka. Motar ta yi wani kuka mai daɗi.

"Ɗari da ɗaya. Ba ka shiga."

"Yallaɓai, ɗari da biyar kuka ce."

"An sanar da canji."

Na sa baki cikin ladabi, bayan an gaya mana inda aka liƙa. "Ranka ya daɗe, ai ɗakin karatun a kulle yake."

"Wannan ba sashenmu ba ne," in ji shi. "Ƙarfe goma nake rufe awo. Na gaba!"

Wilfred ya tura motarsa gefe, ya zauna a kan taya, ya cire safar hannu yana ta ninke ta.

Madam Garbutt mai motar shayi ce ta leƙo. "Da nawa ka wuce, tsoho?"

"Uku."

"Soso uku ke nan. Kowanne yana cinye maki ɗaya." Ta jawo katan guda na soson ƙarfe daga ƙarƙashin kanta. "Tun Alhamis na saro su. Ƙanwata ce ta ga takardar, ita ake biya tana share ɗakin karatun."

Na cusa, Wilfred na danna su da sandar lema. Muka koma awo saura minti shida. Casa'in da takwas cif. Garkuwa ya manna mana takarda a gilashi kamar ana cire masa haƙori.

To ga inda malanta ta cuce ni. Duk masu wannan dabara, da sun wuce awo sai su zaga bayan motar shayi su zare sosonsu da ƙugiyar waya. Wilfred ya ɗauko waya, na riƙe hannunsa.

"Da shi muka ci jarrabawa, da shi za mu shiga. Cirewa satar amsa ce."

"Cusawa fa?"

"Cusawa ƙoƙari ne."

Zagayen farko motar tana tafiya kamar mai mura. A na biyu, kan miƙaƙƙiyar hanya, Wilfred ya sa giya ta huɗu ya take totur har ƙasa. Na ji tau! A madubi na ga soso ɗaya ya zama dunƙulen wuta ya tashi sama. Tau! Na biyu. Na ukun ya yi tsalle biyu a kan ciyawa ya tsaya yana hayaƙi a gaban rumfar Garkuwa. Motar ta samu numfashi, ta buɗe murya, bayana ya manne da kujera. Wilfred yana ihu yana dariya, hawaye na gangara cikin hularsa.

"Ka ji ta, Hedimasta? Shekara uku nake jiran in ji wannan!"

A kwana ta gaba na hango baƙar tuta da lambarmu, sha huɗu. Ma'anarta ɗaya ce, ka fito yanzu, ranarka ta ƙare. Tana can gefen da Wilfred ba ya gani.

"Akwai wani abu?" ya tambaya.

Na duba madubi, ba kowa kusa da mu. Na dubi tutar. Na dubi fuskar tsohon nan.

"Hanya lafiya lau," na ce.

Sau uku muka wuce ta, sau uku ina nazarin igiyar takalmina. A na huɗu mai tutar ya kama ta da hannu biyu yana tsalle, na ce, "Wilfred, ina jin ana son magana da kai."

Garkuwa ya tsayar da mu a gabansa kamar yaran da suka fasa taga.

"Ba ku ga tuta ba?"

"Ni tuƙi nake, yallaɓai," in ji Wilfred. "Tuta sashen Hedimasta ne."

Na sunkuyar da kai na amsa laifina, kuma ina roƙon tsofaffin ɗalibaina su tsallake wannan shafi.

Ranar Talata wasiƙa ta iso daga manyanmu, da hatimi da sa hannun mutum uku. An haramta wa Wilfred Ackroyd tuƙi a filin Skelby na wata goma sha biyu. Glenda ta sa ta a gilashi ta rataye a falo, duk wanda ya shigo sai Wilfred ya sa shi ya karanta da ƙarfi.

Ni abin da ya burge ni shi ne saurin. Kwana biyu na aiki! Damina uku ke nan ina rubuta musu cikin ladabi kan rufin rumfar jiran bas da iska ta yaye, har na fara tausayinsu, na ɗauka ambulan ne ya ƙare musu. Yanzu na roƙi Wilfred ya ara mini motar ranar Litinin. Ba nisa zan je ba, ƙofar ofishinsu kawai, in tsaya in taka totur.