Gimbiya mai takobi

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ba zan taɓa mantawa da yarinyar nan ta jikin bango ba. (Ku bar ni in ce yarinya tukuna.)

Ina dakon kwandunan tumatir a kasuwar Aziziya aka haɗa ni da Abu Fahad, mai shagon tsofaffin kayan Turawa a arewacin Riyad. Da ya ji ni ɗan Damagaram ne, sai ya tambaya ko na iya Faransanci. Na ce kamar ruwa. Gaskiyar magana firamare kawai na gama, ita ma da taimakon bulala. Ya ce zai gwada ni: in na iya yi wa masu saye bayani, zai mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ƙarƙashinsa in huta da dako. In ban iya ba, tumatir na jirana.

Cikin kayan akwai zane-zanen 'ya'yan sarakunan Faransa na zamanin da, kuma sun tsaya min a rai. Me ya sa ba mai murmushi a cikinsu? Wa ya iya sa ɗan shekara uku ya tsaya cak har a gama zana shi? 'Yata Nana ko hoton waya ba ta tsayawa. Ɗaya ta fi ɗaukar hankalina: kumatu jajur, gashi har kafaɗa, rigar siliki mai baza har ƙasa, da shuɗin ƙyalle da ya ratsa ƙirji. A ƙugunta kuma ga wani ɗan takobi. Takobin ya dame ni sosai, daga baya na yanke wa kaina hukunci cewa na yanka tuffa ne. Har hotonta na tura gida, tela ya ɗinka wa Nana irin rigar da sallah.

Ran nan wata dattijuwa ta shigo da 'yarta, tana neman abin da za ta rataya a ɗakin jikarta mace. Abu Fahad ya ƙyafta min ido. Na gyara tsayuwa, na saki Larabcin kasuwa ina barbaɗa masa Faransanci kamar yaji.

"Ya ummi, wannan amira ce, 'yar lelen sarki. Dubi kunya a idonta! Da ta girma, sarakuna layi suka yi a ƙofar ubanta."

(Har yau ban san inda na samo layin ba.) Don in ƙara armashi, na zaro waya na nuna musu Nana cikin rigarta.

'Yar, wadda ashe a Faransa ta yi karatu, ta matsa kusa da zanen ta ƙura masa ido.

"Ya akhi, ai namiji ne," ta ce a hankali. "A fadarsu yara maza ma riga suke sawa, sai sun kai wajen shekara bakwai ake sa musu wando. Shuɗin ƙyallen nan da takobin na ɗan sarki ne."

Mai hankali shiru zai yi. Ni kuwa sai na ji bakina ya ce, "Haba! Namiji da riga har ƙasa?"

Dattijuwar ta dube ni daga wuya zuwa idon sawu, ta juya ta yi wa Abu Fahad irin wannan kallon. Mu biyun duka jallabiya ce a jikinmu, tana sharar ƙasa. Ta fashe da dariya har sai da ta dafa kujera. Wallahi na ji kunya, irin wadda ke sa kunne zafi. Amma ko a cikinta sai da na tambaya yadda ake sa yaran su tsaya. 'Yar ta ce sau da yawa fuskar kawai ake zanawa a gabansu, rigar kuma a sanya wa mutum-mutumi.

Ba su sayi komai ba. Da suka fita, Abu Fahad ya daɗe yana shafa gemu.

"Iƙama zan mayar, don bayanka na da ƙarfi," ya ce. "Ɗauko, rataya, goge. Bakin nan kuwa, sakkir."

Wato in rufe shi. Dakon dai ban tsira ba, an dai sa min sanyin na'ura. Abin da na koya shi ne "ban sani ba" ba ta kashe mutum. Yanzu na iya faɗinta da harshe uku.