Yadda Ake Samun Mata Da Sitikar Tuffa

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan biyar, babu uban da zai hana ka 'yarsa a duk faɗin Lahore. An gwada su a kan Shafkat mai aski, ranar da ya je gaida iyayen Nargis, kuma ga shi nan da ransa.

Mataki na 1: Sayi mai lamba

Kada ka sunsuna, kada ka latsa; wannan aikin ƙauyawa ne. Nemi tuffar da aka manna wa 'yar sitika mai lamba. Shafkat ya tarar da tuffar Mushtak mai kayan marmari tsirara.

"Kawu, babu mai lamba?"

"Ta wace ƙasa kake so?" in ji Mushtak. Ya zaro naɗin sitika daga aljihu, ya bi tuffa ɗaya bayan ɗaya yana mannawa. Har albasar da ke gefe ta samu.

Mataki na 2: Haddace biyu, ƙago sauran

Lambobi huɗu a jere, noman takin zamani ne. In biyar ne masu farawa da tara, ba a sa mata takin zamani ba. Shi ke nan. To ilimin da zai ƙare kafin shayi ya huce ba ya aurar da kowa. Ƙara masa ruwa.

Mataki na 3: Ɗaga ta sama, ka murtuke fuska

A ɗakin baƙi, Shafkat ya ɗaga tuffa wajen taga kamar likita da hoton ƙirji.

"Huɗu, ɗaya, bakwai, uku. Huɗu, noman zamani. Ɗaya, ita ce 'yar fari a reshenta. Bakwai, kwananta bakwai a jirgin ruwa."

"Ukun fa, ɗana?" in ji mahaifiyar Nargis.

"Allura uku aka yi mata, Inna."

Kakar gidan ta tafa hannu. "Tuffa ta ga likita, ni ina nan da gwiwata!"

Mataki na 4: Kada ka binciki sana'ar suruki

Bincike na matsorata ne. Mirza Tufail, uban yarinyar, ya cinye samosarsa tsaf, ya goge gashin baki.

"Ɗana, ka san aikina?"

"An ce kana da shago, Baba."

"Maɗaba'a ce. Ni na buga sitikar nan. Lambar babur ɗina ce."

Daga bayan labule aka ji Nargis ta ƙyalƙyale da dariya har cokula suka zube.  Shafkat ya fara laluben takalmi da ƙafa.

Mataki na 5: Kada ka gudu

"Zauna!" in ji Mirza. "Shekara ashirin ina buga lambar nan, ban san tana da ma'ana ba. Akwai wata mai huɗu a ƙarshe, 'yan kasuwa sun ƙi ta, ta cika mini shago. Me take nufi?"

Shafkat ya koma ya zauna. "Allura huɗu, Baba. Ta fi waccan lafiya."

Mirza ya juya wajen matarsa. "Sa musu rana. Irin wannan ba a barin sa ya faɗa gidan wani."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, kora ce ko sanda, kai ka jawo. Ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. Kada ma ka zo neman ƙarin bayani. Ni kaina har yau ban yi aure ba: uban da na gwada wa, manomin tuffa ne.