Korau da Notin da Ba a Ɗaure Ba

A ƙauyenmu na Tungar Maje akwai wani gida a bakin fadama, gidan Ilu da ƙanensa Korau. Ilu manomin rani ne, mai zafin nama da zafin baki, kuma shi ke da a-kori-kura ɗaya tilo a garin, tsohuwar da ta girmi wasu masu aure. Korau kuwa Allah bai hana shi ƙarfi ba, bai hana shi hannu a sitiyari ba. Matsalarsa guda ce: maganar da ka faɗa masa, haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tabawa kan ce ita dai ta huta da miji mai musu, sai dai kafin ta aike shi sai ta auna maganarta kamar mai awon gishiri. Mutane na ce masa wawa. Ni ban musa ba, amma ban san gidan da ake dariya kamar nasu ba.

A shekarar da nake ba ku labari tumatir ya yi kyau, kuma duk abin da gidan ya mallaka an zuba shi a fadamar nan. Ranar Laraba manyan motocin kudu ke lodi a kasuwar gari, kafin azahar sun tashi. Wanda ya makara, tumatirinsa na awaki ne. Ana cikin shirin tsinka sai Ilu ya zame a bakin rijiyar ban ruwa ya gurɗe ƙafa. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce ya zauna. Dole mota ta koma hannun Korau.

Wata rana Ilu ya kira shi ya ce, "Kai ta garejin Sunusi a yi mata juyen mai kafin Laraba. Kuma ka ji ni da kyau, kada ka fita daga motar nan ka tafi yawo. Ka san halin bakanike, kana juya baya ya musanya maka sabo da tsoho."

"To, Yaya."

Korau ya kai mota gareji, ya kashe, ya ci gaba da zama. Sunusi, mai garejin, wani gajere mai tumbi da fara'a, ya ce, "Malam, sauko mana mu ɗaga ta." Korau ya ce Yaya ya hana. Aka yi juyin duniya, ya ƙi. Haka suka sa jak suka ɗaga mota da mutum a ciki. Sunusi ya shiga ƙasa ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye. Ya mayar da notin da yatsu, yana laluben sifana ke nan sai aka kira sallah. Korau ya bi ta taga ya haye bayan mota, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ya yi alwala da ruwan jarka ya tayar da kabbara. Yana yin ruku'u mota ta yi girgiza a kan jak. Sunusi ya fito da rarrafe yana salati, 'yan gareji suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. A cikin wannan ruɗanin aka zuba sabon mai, aka sauke mota, ba wanda ya tuna noti bai ga sifana ba.

Wata rana, washegari ma ke nan, Tabawa ta fito shara ta ga baƙin ɗigo a ƙarƙashin mota. Ta faɗa wa Ilu. Ilu yana kwance a zaure, ƙafa a kan matashi, ya fara ruwan masifa. Da ya gaji ya ce, "Korau, hau keke ka je wajen Sunusi. Duk abin da ka ji na faɗa yanzu, ka faɗa masa."

Korau ya taka keke har gari. Ya tarar da garejin cike da direbobi, ya yi sallama, ya gyara tsayuwa.

"Oga, Yaya ya ce a gaishe ka. Ya ce, mota na ɗiga! Ya ce, dama na san za a rina. Wannan Sunusin da tumbi kamar randa, da gyaran mota gara a ba shi gyaran turmi. Wayyo ƙafata! Tabawa, matsar da kajin nan. Ya ce, ubansa ma da keke ya gyara sai da ya bar sarƙa a ƙasa. Wayyo, wayyo! Kai Korau, tsayuwar me kake yi a kaina?"

Gareji ya fashe da dariya. Sunusi ya so ya yi fushi, amma da wa? Ga ɗan aike tsaye yana jiran amsa, fuskarsa ba ko alamar mugunta. Ya share hawayen dariya ya ce, "Ka ce wa Ilu na gode, Allah ya ba shi lafiya. Ɗigo kuwa, wace tsohuwar mota ce ba ta yi? Amma ka kawo min ita yadda take in duba."

Korau ya kawo amsa. Ilu ya tambayi abin da ya faɗa a can, da ya ji sai ya ja mayafi ya rufe fuska. Can daga ƙarƙashin mayafin ya ce, "Ba ni da lokacin kai da komo. Ranar Laraba garejin a kan hanya yake. Ka biya, ka yi yadda ya ce, ka wuce kasuwa."

Wata rana Tabawa ta taka man nan da takalminta na zuwa biki. Ranta ya ɓaci, ta manta da awon magana. Ta ce, "Malam, ni fa kada in ƙara ganin baƙin abin nan a ƙofar gidana!" Korau ya ce to. Ya ɗebo yashi a rafi ya tara a gindin katanga. Da ya hango ɗigo sai ya watsa yashi a kai, safe da yamma, ba gajiya. Tabawa ba ta ƙara gani ba. Ilu ya dogara sanda ya leƙa, ya ga ƙasa tas, ya ce, "Alhamdulillahi, ya tsaya da kansa." Gida ya yi murna, Tabawa har da ƙara wa mijinta man shanu a miya. Mai kuwa yana ta bin yashi, har abin da ke cikin injin ya ƙare.

Wata rana, Larabar da ake jira, an riga an yi lodi tun yammacin Talata, kwanduna a jere har sama, an rufe da ciyawa. Bayan asuba Korau ya fito da makulli a hannu. Ya tsaya yana kallon mota. Oga ya ce a kawo ta yadda take. Yaya ya ce a yi yadda Oga ya ce. To, yaya take? A kashe take. In ya murɗa makulli, ai ta tashi daga yadda take. Ya mayar da makulli aljihu ya nufi gidan maƙwabcinsu Baba Jatau, mai shanun huɗa.

Baba Jatau ya saurare shi har ƙarshe. Dattijo ne da ba ya barin abin dariya ya wuce shi. Ya ce, "Korau, maganarka a kan hanya take. Bari in ɗauko igiya."

Haka suka fita gari, bijimai biyu a gaba suna jan mota, Baba Jatau na gefensu da tsumagiya, Korau a sitiyari ya miƙe zaune, in za su sha kwana har hannu yake fitarwa. Masu zuwa kasuwa a jaki suna wuce su. Wata mai tallan nono ta wuce su da ƙafa, ta juyo ta ce, "Sannunku da gudu!" Baba Jatau ya ce mata sannu ba ta hana zuwa.

A gida Ilu yana ta kasa kunne bai ji tashin mota ba. Da Tabawa ta faɗa masa abin da ake ciki, bai yi zagi ba, abin ya wuce zagi. Ya dubi rana ta fara ɗagawa, ya tuna taki da fetur ɗin injin ban ruwa da watannin da suka yi a cikin laka, idonsa ya kawo ruwa. Tsoro ne ya kama shi sosai. Ya sa aka kira masa ɗan acaɓa, ya hau da ɗaurarriyar ƙafa da sandarsa.

Ya cim musu suna shiga gareji, rana ta take sosai. Kafin ya sauka Sunusi ya riga ya fito, baki buɗe.

"Korau, lalacewa ta yi a hanya?"

"Lafiyarta lau, Oga. Ka ce yadda take. Ga ta nan, ban taɓa ta ba."

Ilu ya ɗingiso ya ɗaga sanda. Sunusi ya ce, "Dakata, Ilu, bari in duba tukuna." Ya buɗe gaban mota ya zaro ƙarfen auna mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. A bushe. Dariyar fuskarsa ta ɗauke. Ya kwanta ya shige ƙasa, yana taɓa noti da yatsa biyu ya faɗo a tafinsa. Ya fito da shi a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Laifina ne," in ji shi. "Ban ɗaure ba. Babu ko cokali ɗaya na mai a cikinta. Da ya tayar da ita da wannan lodin, kafin gada injin ya buga, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Tumatirin kuma ya wuni a rana a tsakiyar daji."

Ilu ya sauke sanda a hankali. Ya nemi benci ya zauna.

Sunusi bai tsaya dogon ban haƙuri ba. Ya ɗaure noti, ya sake ɗaurewa, ya zuba sabon mai daga shagonsa ya ce wannan nasa ne. Aka kwance shanu, Korau ya murɗa makulli, tsohuwa ta amsa. Suka isa kasuwa motar kudu ta ƙarshe tana neman cikon lodi. Dillali ya yaye ciyawa, ya tona kwando har ƙasa, ya tona wani, ya ce shi tun safe yake karɓar tumatir da gargadar hanya ta mayar miya, wannan kuwa ko ɗaya bai fashe ba. Ya kwashe duka.

Da suka dawo gareji Baba Jatau yana gindin bishiya da bijimansa, sun gaji tiɓis, harshe a waje. Ilu ya daɗe yana kallon ƙanensa. Shi ba mutum ne mai iya godiya ba. Daga ƙarshe ya ce, "Korau, yau ba zan ce maka komai ba. Yi abin da ka ga ya dace."

Korau bai saba da irin wannan aike ba. Ya sosa ƙeya, ya dubi mota, ya dubi shanu. Sai ya ja da baya ya manna bayan motar da wani tudu, ya karɓi igiya a hannun Baba Jatau.

"Me kuma za ka yi?" in ji Ilu.

"Yaya, su suka kawo ta. Ai sai ita ma ta kai su."

Da la'asar muna zaune a ƙofar masallaci muka ga a-kori-kura ta shigo gari, Ilu da Baba Jatau a gaba suna cin rake, bijimai biyu a baya suna shan iska.