Bushin Babur Ɗina da Rigar Mai Girma

Jama'a, ranar Talata allura ta soke ni sau tara kafin azahar, ni da na shekara talatin ina ɗinkin babbar riga a zaurenmu na Kwarbai. Kada ku ce tsufa ne, bushi ne ya ja min.

Ga wanda bai sani ba, bushi wata 'yar roba ce a gindin kan babur, ita ke shanye jijjigar hanya kafin ta iso hannun mutum. Tawa ta cinye, kan ya koma rawa kamar haƙorin tsohuwa, sai na gangara wajen Aƙilu bakanike a Ƙofar Kibo.

Ya baje min iri uku a benci. "Baba, wannan baƙar laushi gare ta, hannu zai huta, amma a hanyarku ba ta wata biyu. Jar nan tauri gare ta, tsaka-tsaki ce. Wannan kuwa tagulla ce, har jikokinka."

Na ce, "Ai an ce bana za a gyara hanyar."

Ya ce, "Baba, tun ina koyon ɗaure noti ake cewa bana."

Sai na zaɓi tagulla don in huta da zarya. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Duk ramin da na taka sai ya gaishe ni har kafaɗa. Ramukan nan kuwa, a yaba wa manya, suna samun kulawa: babu wanda ya rame, har hayayyafa suke yi.

Na iso gida yatsu na kaɗawa, ga shaddar Mai Girma Uban Alkawari tana jirana, ɗinkin aska takwas za a yi mata. Ranar Asabar zai sa ta wajen ƙaddamar da gyaran hanyarmu karo na uku, kuma ni na ɗinka masa rigar farko da ta biyu. In wannan ta lalace, sunana ya zube wajen masu kawo aiki. Wallahi na ji tsoro.

Maiɗakina Asama'u ce ta zura min zare. "Malam, rowa ce ta ja maka."

"Hangen nesa dai."

"To hango kafar allurar mu gani."

Na koma wajen Aƙilu ya sa min jar, hannu ya natsu, amma aikin gama ya gama: askake biyu sun karkace, ba lokacin warwara. Da Audu direban Mai Girma ya zo karɓa ya tsura musu ido, sai na dake na ce sabon yayi ne.

Asabar ta zo. Mai Girma ya yanke ƙyalle, aka zuba tsakuwa baro guda, aka yi tafi, maroƙa suka yi ta wasa rigar har suka manta da hanyar. Litinin sai ga Audu da shaddoji huɗu, wai 'yan korensa duk irin ta oga suke so, karkatar ma kada ta ragu.

Ni kuwa da hannuna lafiya ban iya karkatacce ba. Sai na sa Aƙilu ya mayar min da tagullar. Yanzu kullum da safe sai na zaga ramukan sau uku kafin in ɗauki allura. Roƙona ga manya ɗaya ne, kuma na san a nan ba za su ba ni kunya ba: kada a taɓa hanyar nan sai na gama.