Ranar da Na Ɗauko Tumatirin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko tumatirin surukina ba, ko da kuwa na so in manta, domin Sale ƙanin matata ya mayar da tuna mini ita sana'a.

Ni malami ne a jami'ar nan ta Wudil, kuma abin da nake koyarwa shi ne yadda inji yake aiki. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura mai kafireta, wadda ban taɓa kai ta gareji ba, don a ganina zubar da girma ne mai koyar da inji ya tsaya bakanike yana yi masa bayani. A gidan surukaina da ke Utai ba a kiran sunana, sai dai Injiniya. Ni kuma ina amsawa har da gyara zaman hula.

Baba, mahaifin matata, manomin rani ne, kuma a shekarar tumatirinsa ya yi kyau sosai. Aka ce babbar motar da za ta kai kaya Kudu za ta tashi daga Wudil da zarar an idar da sallar Azahar. Kwandon da bai iso ba sai dai ya zauna a rana, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Direban da ya saba ɗaukar masa kaya ya yi tafiya, sai na aika cewa kada a nemi kowa, ga ni ga mota. Wallahi ba wanda ya roƙe ni. Ni na kai kaina.

Matata ita ce 'yar fari a gidan, saboda haka tsakanina da Baba akwai kunya mai nauyi. Shekara shida da aure, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba: in tsuguna ina kallon ƙasa, shi yana kallon bango. Da aka gama loda kwanduna da hantsi, na buɗe masa gaba, ya ƙi. Ya ce wa Sale, ba ni ba, wai a baya zai zauna ya riƙa kula da kaya. Ya haye da malafarsa, Sale ya shiga gaba kusa da ni. (Sale magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma in dai wajen tsokanata ne bai girma ba har yau.)

Mun ɗan yi nisa sai na taka totur, mota ta yi kamar ba da ita nake ba. Ta fizga, ta shaƙe, ta sake fizga, sannan ta mutu a gefen hanya.

"Yaya Injiniya, lafiya?" in ji Sale.

"Ƙaramin abu ne, fulogi ne," na ce.

Na buɗe bonet, na kwance fulogai ɗaya bayan ɗaya, na goge su, na hura, na mayar. Ina murza makulli ta tashi. Kai, ka ga yadda na dubi Sale! Har na ɗan ɗaga murya don na baya ya ji: "Shi inji magana yake yi, sai dai in mutum bai iya sauraro ba."

Ba mu yi tafiyar minti biyar ba ta sake shaƙewa.

Wannan karon na ce matatar mai ce ta toshe. Na cire ta, na girgiza, na hura, na mayar, mota ta tashi. Sai na ce ai da ma matsala biyu ce ta haɗu, shi ya sa. Sale ya ce, "Allah ya sa babu ta uku." Ta uku kuwa tana jiranmu a gaba kaɗan, daidai wata inuwar darbejiya inda masu babura da masu sayar da rake suke zaune.

A nan ne na fara jin zufa ta gaske. Rana ta take, ƙanshin tumatir ya fara canzawa, kwandunan ƙasa sun soma ɗigar ruwa. Na dubi agogo, na ga Azahar ta kusa. Wahalar wata uku ce a bayan motar nan, da ban-ruwa da feshi da gadi, ga mai ita a zaune a kai bai ce uffan ba.

Na ce famfon mai ne. Na zare tiyon da yake kawo mai daga tanki, na ga babu abin da yake fitowa. Maimakon in tsaya in tambayi kaina dalili, sai na kafa baki na zuƙa, kamar yadda na ga bakanikai suna yi. Na farko ba komai. Na biyu ba komai. Na uku na ja da duk ƙarfina, sai ga fetur ya cika mini baki har hanci. Na yi ta tari ina tofarwa, idanuna suna hawaye, wani mai rake ya miƙo mini buta yana cewa, "Sannu Malam, ai ba a sha da rana."

Mutane suka taru. Kuma ni, Allah ya yafe mini, da na ga taro sai malantar ta motsa. Na shimfiɗa tsumma a ƙasa, na kwance kafireta gaba ɗaya, na jera ƙananan sassanta, ina yi wa jama'a bayanin yadda mai da iska suke haɗuwa. (Har tambaya na yi musu, wai "An gane?" Wani mai babur ya ce an gane, saura motar ta gane.) Na haɗa ta, na murza, ta tashi, ta yi gurnani kaɗan, ta mutu a wurin ko motsawa ba ta yi ba.

Sai na ji Baba ya yi gyaran murya daga baya. Ya yafito Sale, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa a kunne. Daga baya na ji abin da ya ce: a lallaɓa a gaya wa Injiniya a asirce, kada kowa ya ji. To, Sale aka aika. Ya dawo tsakiyar taro ya buɗe murya kamar mai shela:

"Yaya Injiniya, Baba ya ce a tambaye ka, wai wannan ledar da aka ɗaure bakin tanki da ita, ta ina iska take shiga?"

Innalillahi. A take na gane, kuma a take na so ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya faru shi ne, kwana biyu kafin nan murfin tankin ya ɓace a gidan mai. Da safiyar ranar ɗaukar tumatirin, don kada datti ya shiga, na ninka leda mai kauri har huɗu, na rufe bakin, na naɗe da robar taya tamau, har ina yaba wa kaina cewa ko murfin kamfani bai kai wannan ba. Shi kuwa murfin kamfani yana da 'yar kafa da iska take bi ta maye gurbin man da inji ya sha. In babu ita, famfo zai yi ta ja har ya kasa, mota ta shaƙe. In aka tsaya kaɗan iska ta ɗan sulala ciki, sai ta sake tashi. Wato duk gyaran da na yi, ba abin da ya gyara, hutun da motar take samu ne kawai. Wannan darasi ni nake koyar da shi, har ina sa shi a jarrabawa.

Sale ya kwance robar, tanki ya ja iska "fuuu" kowa yana ji. Dariyar da aka yi a inuwar nan har mai rake sai da ya riƙe ciki. Baba kaɗai bai yi ba. Ya sunkuyar da malafa, ya ce wa Sale, "Injin ban-ruwana ma haka ya taɓa yi mini, da laka ta toshe murfin. Kowa yana iya mantawa."

Na murza makulli ta tashi, kuma ba ta ƙara ko tari ba. Mun shiga Wudil ana kiran salla, ina warin fetur, riga duk baƙin mai. Aka sauke kaya da sauri aka loda. Kwando biyu na ƙasa sun lalace, sauran sun tafi Kudu lafiya, alhamdulillahi.

A hanyar komawa na tambayi Sale, tun yaushe Baba ya ga ledar? Ya ce tun tsayawar farko, ai kusa da ita yake zaune, har yana jin tankin yana ƙara.

"To me ya hana shi magana?"

"Cewa ya yi kai za ka gano da kanka. Wai bai kamata a gyara wa mijin 'yarsa a gaban mutane ba."

Wannan ta fi dariyar 'yan babur yi mini ciwo. Dattijo ya zauna a rana kusan awa biyu yana kallon amfanin gonarsa yana narkewa, don kawai kada in ji kunya, ni kuwa ina can ina yi wa masu rake lacca.

Bayan mako ɗaya aka kawo mana kwandon tumatir daga Utai. A samansa akwai wani ɗan ƙulli a takarda. Matata ta buɗe, sai ga murfin tanki, tsoho amma mai kyau, an goge shi tas, an bi 'yar kafar da allura. Babu saƙo ko ɗaya.

Tun daga ranar, in mota ta tsaya mini, kafin in taɓa sifana sai na waiwaya in ga wa ya yi shiru a cikin mutanen da nake tare da su. Na koyi cewa sau da yawa shi ne ya riga ni ganewa, asirina kawai yake rufawa.